Mutum Biyu a Kan Gawar Sirajo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayun 1996, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Sirajo a shagon gyaran karnuka da yake aiki a Summerfield, kusa da Greensboro a ƙasar Amurka, yana da shekara arba'in da huɗu. Ciwon zuciya ne, in ji likita. Christy, mai shagon, ta ce da ya ji ƙirjinsa ya riƙe, sai da ya kwance igiyar wuyan karen da yake wa aski, ya sauke shi daga tebur don kada ya yi tsalle ya shaƙe, sannan ya zauna a ƙasa. Bai sake tashi ba.

Sirajo, na so in rubuta wannan cikin natsuwa kamar yadda aka saba. Na kasa. Raina a ɓace yake, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Karatun noma ya kawo ka Greensboro. Da tallafin karatun ya yanke, ba ka zauna jiran kowa ba, ka kama sana'ar da ka samu, ka yi shekara tara a cikinta. Wata Asabar na je ɗaukarka, na tarar an kawo wani ƙaton kare mai yawan gashi, gashin ya cukurkuɗe kamar tsumma, yana ta gurnani. Ni dai na manne da bango. Kai kuwa ka durƙusa kana yi masa magana da Hausa, ka miƙa bayan hannu ya sunsuna. Ka ce mini ba a jiƙa gashin da ya cukurkuɗe, don ruwa ƙara ɗaure shi yake, sai an warware shi da mataji tun daga baki-baki. Ka toshe masa kunne da auduga kafin wanka. Ruwan, a tsintsiyar hannunka ka gwada zafinsa, haka bakin injin aski, don ƙarfen kan yi zafi ya ƙona fata. Farce kuwa kaɗan-kaɗan kake datsewa, saboda akwai jijiya a ciki, in ka zarce sai jini. Takunkumi ba ka sa shi sai dole. Hannayenka duk tabon cizo, bayanka kullum ciwo, ga tarin da gashi ya sa maka. Ban taɓa jin ka zagi dabba ba.

Ka kuma fi mu duka kiyaye tsarki. Kayan aikinka a shago suke kwana. Sai ka yi wanka ka sake tufafi kafin ka shiga mota, kuma tun farko ka tambayi malamai ka san hukuncin sana'arka. Duk da haka mun san abin da aka yi maka. A sahun salla, na kusa da kai yakan ɗan janye kafaɗa. A wurin buɗa-baki a gidan Alhaji Uwaisu, dattijon jama'armu, kofinka daban ne, na roba, kuma kana gani ake jefa shi a shara. Dariya kawai kake yi. Ni ma ban tsira ba: in 'yan gida sun tambaye ni, nakan ce kana aiki a asibitin dabbobi. Ina jin kunyar wannan har yanzu.

To amma wa ke zuwa filin jirgi ɗauko baƙo? Wa ya zaga da rabin mutanen nan shagunan titin Wendover Avenue yana cike musu takardar neman aiki? Falon wa aka shimfiɗa wa katifa wata uku, wata huɗu? Miyar kukar matarka Oumou ba wanda ya taɓa cewa tana warin kare.

Ranar Laraba da safe gidan ajiye gawa suka ba mu ɗaki zuwa azahar. Suka ce in ba mu da masu wanka, ma'aikatansu za su shirya ka yadda suke shirya nasu. Na ɗauki waya. Mutum goma sha ɗaya na kira, Hausawa 'yan'uwanmu. Wannan yana da aji, wancan motarsa ta ƙi tashi, wani ya ce yana da shif a wurin aiki. Alhaji Uwaisu ne kaɗai bai yi mini kwana-kwana ba.

"Ma'aruf, a cikin karnuka fa ya cika," in ji shi. "Da kayan aikin a jikinsa. Ka nemi wani dai."

Na ce, "Alhaji, ai shi ya sa ake wankan."

Sai ya ce za a haɗu a maƙabarta.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku mutum goma sha ɗayan nan, kun mai da shi kuturu, kun ci ladan, ranar askin kuka ɓuya a bayan waya. Wallahi ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.

Malam Abdussalam ne ya ji labari ya zo, wani tsoho baƙar fatar Amurka da ya musulunta tun kafin a haifi wasunmu, mai share masallaci. Bas ya hau daga cikin gari, da likkafani a leda. Bai tambaye ni sana'arka ba. Ni ban taɓa wanke mamaci ba. Shi yana faɗa, ni ina zuba ruwa, daga dama zuwa hagu. Juya ka ya yi mana nauyi, don aikin mutum uku ne ko huɗu, har tsohon ya jingina da bango yana haki. A bayan kunnenka na sami 'yan guntayen gashin kare, farare. Na cire su ɗaya bayan ɗaya ina kuka. Muka gama saura kwata azahar.

A maƙabarta kuwa an cika, kowa da babbar riga. Har da masu aji da masu shif. Aka yi sahu uku, aka yi ta cewa mutumin kirki ne.

Da yamma Oumou ta aiko 'yarku Amal ta kira ni bakin ƙofar ɗaki. Ta tambaye ni su wa suka yi wa mijinta wanka, tana so ta yi musu godiya da sunansu. Na ce mata jama'a ne. Ƙarya na yi, Oumou, ki gafarce ni. Mu biyu ne, ɗayan ma ko gaisuwa bai iya da Hausa ba. Shi za ki gode wa.

Allah ya jiƙanka, Sirajo, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Oumou da Amal, da 'yan'uwa na gida, Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya zama gatanku. Mutum goma sha ɗayan nan kuma, ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe muku, don yau ba ni da shi. Ranar da taku ta zo a wannan ƙasa mai nisa, in ina raye, a kira ni. Zan zo.