Dodon da Ya Tare Ruwan Zobe

Lokacin da yajin aiki ya zaunar da mu gida, na tsinci wani wasa a waya. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, abin da duk suka yi niyya sai a jefa ƙwayar lido ta yanke hukunci. Na cika littafi da labarin wani dodo da ya tare ruwan madatsar Zobe. Na tsara komai: daga ƙauye sai gada, daga gada sai kogo, a kashe dodo, a yaba mini.

A teburin yanka na shagon yayana, tela a Dutsin-Ma, muke zama duk Asabar bayan la'asar. 'Yan wasana uku ne: Yaya, da abokinsa malamin firamare, da ɗan baffanmu mai noman rani, wanda ke zuwa daga Kurfi kan babur.

Ranar farko na ce, "Kun iso mararraba. Gada na dama."

Ɗan baffa ya ce, "Hagu fa?"

"Babu komai a hagu."

"To can za ni."

Na ce akwai dutse, ya ce zai hau. Na ce akwai kuraye, ya tambayi ko sun ci abinci. Da na ce ƙasar ma ta tsage, sai ya ture ƙwayar. "Kai ba labari kake ba mu ba. Kora mu kake kamar awaki ranar kasuwa."

Malam ne kaɗai ya goyi bayana. "A bi manhaja," in ji shi.

Na fusata. Asabar ta gaba na zana taswira a bayan tsohuwar kalanda, na shimfiɗa musu. "Ga duniya nan, kowa ya tafi inda ya ga dama."

Ɗan baffa ya kai jaruminsa bakin ruwa, ya jingine takobi, ya dasa albasa. Jarumin Yaya ya buɗe shago yana ɗinka wa aljanu kaftani. Malam kuwa tambaya ɗaya yake maimaitawa, "To yanzu mi ake so mu yi?" har gyangyaɗi ya kwashe shi. Asabar uku muka yi haka, ni da na yi mafarkin yaƙi ina jefa ƙwaya don a ga ko tsutsa ta kama albasa.

A ta huɗu na ce, a sanyaye, "Ruwa ya janye. Albasarka ta fara kwantawa."

Ɗan baffa ya miƙe tsaye, da gaske, har almakashi ya faɗi. "Ina kogon nan yake?"

Raina ya yi fari. Na buɗe shafukan yaƙin da na rubuta. Amma da suka isa, ɗan baffa ko takobi bai zare ba. Ya yi wa dodon sallama, ya ce su raba kwanakin ban ruwa: dodo Litinin da Alhamis, manoma sauran. Ya jefa ƙwaya, shida ta fito. Dole na sa dodon ya amince, har da musafaha.

Daga ranar na ajiye aikin ba da labari. Malam ne ya karɓa. Yakan zo da alli, kuma duk mai son kauce hanya sai ya ɗaga hannu tukuna.