Modem Mai Ƙaho Huɗu

Shekarar da autanmu ya tafi Jidda aiki a wani gidan burodi, na sa intanet a gidanmu na Ɗorayi saboda Inna. Sabis ɗin waya ba ya shiga ɗakinta sai dai ya leƙo ta taga ya koma, ita kuwa ta ce murya kaɗai ba ta isarta, murya ai ko rediyo yana da ita, fuskar ɗanta take son gani. Autan aikin dare yake yi, kuma wayoyin ma'aikata a hannun mai gidan suke wuni su kwana, sai kwata ɗaya da ake ba su kafin su shiga aiki. Wannan kwatar ita ce ta faɗo daidai magaribar Kano.

Wata guda aka yi ba ta gan shi ba. Shi yana turo mini saƙo yana rantsuwa kullum sai ya kira, ba ya shiga. Ita kuma ta fara cewa, "Bar shi, ya ga Larabawa ya manta da mai koko." Da dariya take faɗa, amma na ga ta rage cin tuwo, abin ya dame ni ƙwarai.

Ni kuwa shekarata goma sha ina gyaran inji a wata masaƙa a Sharaɗa, injin da ya fi ɗakin Inna girma, saboda haka na raina ɗan akwatin intanet ɗin, wato modem. Duk sanda na dawo daga masallaci bayan isha'i zan tarar da fitilunsa kore shar, kamar bai taɓa laifi ba. Matata ce ta ce mini ba magariba kaɗai ba, da rana ma yana ɗaukewa, wajen ƙarfe biyu da kuma ƙarfe huɗu. Nan da nan na gano bakin zaren, a ganina. Ƙarfe biyu ai lokacin canjin ma'aikata ne, kamfanoni na tayar da manyan injuna, wuta ta ja baya. Na yi mata bayani har da zane a bayan kwali. Ta tambaye ni ƙarfe huɗun fa, na ce wannan na kamfanonin Chalawa ne.

Na sayo sitabilaiza, bai hana ba. Na canza wayar wutarsa, na hau rufin kwano na juya eriya gabas da yamma har maƙwabcinmu ya tambaya ko wata nake nema. Na kira kamfanin intanet ɗin, wata yarinya mai sanyin murya ta ce in kashe in kunna. Na ce mata ni makanike ne. Ta ce to, makanike ya kashe ya kunna.

Daga ƙarshe na yanke hukunci modem ɗin ne ya tsufa. Na je kasuwar waya, mai shagon ya jera mini guda biyu. Ɗaya ɗan ƙarami mai batir a ciki, ko an ɗauke wuta yana ci gaba da aiki. Ɗayan baƙi, da eriya huɗu a tsaye kamar ƙahonin rago.

"Yallaɓai, in matsalar wuta ce, mai batir ɗin nan za ka ɗauka," in ji shi.

"Na riga na magance wuta," na ce masa. "Ba ni mai ƙahon."

Gaskiya kwarjininsa ne ya ɗauke ni. Na kafa shi a falo, maƙwabta suka shigo suka yi masa barka da zuwa. Magariba na yi ya ɗauke.

Ranar da asiri ya tonu, ƙarfe ne ya faɗo mini a ƙafa a wurin aiki, aka naɗe ta, na kasa zuwa masallaci. Ina kishingiɗe a falo ladan ya ɗaga murya yana kiran magariba. Sai ga Inna ta fito da carbinta, ta kashe rediyo, ta kashe talabijin, sannan ta sunkuya a hankali ta danne soket ɗin mai ƙaho huɗu. Fitilu suka mutu.

"Inna, ku ne kuke kashe shi?"

"To da wa zai kashe? Ba kai ka ce duk waƙe-waƙen duniya da surutanta ta cikinsa suke bi ba? Ana kiran salla a bar shi yana zuba a gidana?"

Ashe sau biyar take yi a rana, kuma ba ta kunnawa sai ta idar da lazimi. Ƙarfe biyuna azahar ce, Chalawa kuma la'asar. Matata ta shige kicin, ina jin dariyarta har da tari.

Na so in yi dariyar ni ma, amma dole in gaya wa Inna cewa a daidai wannan lokacin ɗanta yake kira. Ta juya ta kalli akwatin. Sannan ta ce, "Ashe ni nake rufe masa ƙofa, ina zaginsa." Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba.

Washegari da aka fara kiran magariba ta kashe rediyo da talabijin. Ta tsaya a kan modem ɗin tana shawara, sai ta ɗauko faifai ta kifa masa a kan ƙahonin, ta ce ya dai rufa wa kansa asiri. Wayarta ta yi ƙara. Fuskar auta ta fito, da farar hular masu burodi, yana ta "Inna! Inna!" Ta ɗaga masa hannu ya yi shiru, ta bi ladan har ya kai ƙarshe, hawaye na sauka a kan gilashin wayar. Sannan ta goge shi da bakin mayafi.

"Kai kuma don rashin ta ido sai ana kiran salla kake kiran mutane?" ta ce. "Matso in gan ka. Ka rame."