Keken Yayar Tartsatsi

Tartsatsi ake kiransa a layin masu walda, domin tun yana koyon aiki ba shi da rigar da wuta ba ta huda ba. A gida kuwa Auta ne, duk da ya ba hamsin baya. Yayarsa ce ta hana sunan mutuwa. Karatunsa a aji huɗu ya tsaya. Rumfarsa ta kwano ce, ba ta fi ɗaki guda ba, cike da ƙofofi da tagogi da baron da aka kawo gyara aka manta. Ba shi da yawan magana. Matarsa takan ce in kana son jin muryarsa, ka taɓa masa guduma.

Yaya kuwa ta iya magana ta mutum biyu. Ƙafafunta sun shanye tun tana 'yar shekara uku, amma bakinta lafiya lau. Zare da allura da maɓallai take sayarwa a kasuwar da ke saman tudu, kuma da keken hannu mai ƙafa uku take zuwa. Kullum in ta iso gindin tudun sai ta tsaya jiran mai tausayi ya tura ta. Wata rana mai tausayin ya hango abokinsa a tsakiyar hawa, ya sake ta ya tafi gaisawa. Keken ya gangara da baya, ya zubar da ita a kwata tare da maɓallanta.

Ko wanka ba ta yi ba ta wuce rumfar ƙanenta.

"Auta, shekara talatin kana gasa ƙarfe. Nuna mini abu ɗaya da ka gasa mini."

Washegari ya sayo mataccen babur ya farke cikinsa.

Wata biyar ya yi yana fama. Na farkon da ya haɗa, baya kawai yake tafiya. Na biyu ya hau tudun, amma sai da ƙarti biyu suka juya hannun. Ana cikin na uku matarsa ta dawo daga unguwa ta tarar gadonsu na ƙarfe yana tsaye a kan bulo, an yanke masa ƙafa ɗaya. Kwana huɗu ba ta yi masa magana ba, shi kuma bai lura ba. Na huɗun ne ya yi. Ya sa masa giya uku, da wani ɗan harshen ƙarfe da ke cije haƙorin taya, ko ka saki hannu a tsakiyar tudu keken ba ya komawa baya. Ranar da Yaya ta hau tudun ita kaɗai, ta tsaya a daidai inda aka taɓa sakinta, ta ɗaga hannuwa biyu sama, ta gyara ɗaurin kallabinta a tsanake.

Wani ya ɗauki bidiyonta a waya ya yaɗa. Bayan mako biyu sai ga baƙar mota a bakin rumfa, wani mutum ya fito yana toshe hanci da hankici. Darakta ne daga Ma'aikatar Ƙirƙira.

"Kai ne injiniyan? Wace jami'a ka yi?"

"Ranka ya daɗe, mai walda ne ni."

"Ba komai, za mu gyara wannan a rubuce."

Aron keken ya zo yi, za a kai baje koli, kwana uku kacal. Yaya ta ce ko awa uku ba ta bayarwa. Tartsatsi ne ya lallashe ta, domin a ransa ya ɗan ji daɗi. Tun da yake, babu mai takalmi mai sheƙi da ya taɓa shiga rumfarsa.

A wurin baje kolin an tsayar da shi can baya, kusa da masu raba ruwa. Minista ya hau keken don a yi masa hoto, ya juya hannun a karkace, sarƙa ta zame. Daga nan ya yi jawabi a kan "wannan matashi haziƙi", yana nuna wani ɗan jarida.

Kwana uku suka zama wata biyu. Sannan aka gayyace shi gidan talabijin, za a yi muhawara a kan dokar karrama masu ƙirƙira. Matarsa ta ɗinka masa sabuwar riga, ta goge ta har sau biyu. Aka zaunar da shi a ƙarshen tebur, aka maƙala masa abin magana a ƙirji. Minista na dama, jagoran 'yan adawa na hagu.

Minista ya fara. Ya ce wannan keke ɗa ne na cikin tsarin gwamnati, wanda a ƙarƙashinsa aka kafa kwamiti goma sha ɗaya cikin shekara biyu. Ba don yanayin da suka samar ba, in ji shi, da tunanin bai zo wa bawan Allahn nan ba.

Jagoran 'yan adawa ya buga tebur. "Wane yanayi? Jama'a ku dubi mutumin nan! Ku dubi wuyansa! Ku dubi tsumman da ke jikinsa! Na rantse yau bai karya ba."

Tartsatsi ya sunkuya ya dubi sabuwar rigarsa. Ya san matarsa tana kallo a gidan maƙwabta, ya kuma san abin da zai tarar.

Minti arba'in suna yi. Ɗaya ya ce a jam'iyyarsu aka fara furta kalmar ƙirƙira, ɗayan ya ce satar ta aka yi daga takardar manufofinsu. Suka koma kan wanda ya fi tafiye-tafiye ƙasashen waje, da wanda surukinsa ya samu kwangilar kujerun zauren taro. Babu wanda ya tambayi yadda keken yake aiki, alhali ya zo da ɗan harshen ƙarfen a aljihu don ya nuna. Can mai gabatarwa ta dubi agogo ta juyo.

"Malam, cikin daƙiƙa talatin, me kake so gwamnati ta yi maka?"

"A ba ni keken yayata."

Zauren ya ɗauki tafi. Minista ya ce kun ga tawali'un da tsarinmu ke koyarwa. Jagoran 'yan adawa ya miƙe tsaye yana ihu cewa har kekensa sun ƙwace. Lokaci ya ƙare. A bakin ƙofa kowannensu ya rungume shi aka yi hoto, kowa ya shiga motarsa. Shi ya tari motar haya.

Sau tara ya je ma'aikatar. Keken yana nan a zauren shiga, an kewaye shi da jar igiya, an buga masa lamba da farin fenti. A gefensa an rataye hoton Darakta yana karɓar lambar yabo saboda gano haziƙai. Magatakarda ya yi masa bayani cikin ladabi: duk abin da aka buga wa lamba ya zama kayan gwamnati, ba ya fita sai da sa hannun kwamiti na goma sha biyu, wanda ba a rantsar ba tukuna.

A zuwa na goma Yaya ta ce da ita za a je. Ya turo ta a tsohon kekenta har bakin ginin. Matakala goma sha huɗu ce, babu wata hanyar hawa. Ta ƙirga su da ido, sannan ta buɗe murya.

"Kai mai gadi! Je ka ce wa Darakta mai keke ta zo. Tunda shi yana da ƙafa, ya sauko."

Aka dawo aka ce yana taro. Ta zauna a wurin har rana ta karkata, duk mai shiga da mai fita sai ta ba shi labari tun daga kwata. Daga ƙarshe wata mai shara ta sayi zare biyu.

A hanyar komawa Tartsatsi ya ce, "Yaya, ki yafe mini."

"Turo ni dai. Gobe ka nemo wani baburin. Kuma wannan karon kar ka yi masa fenti, ka bar shi da muninsa."

Cikin mako shida ya gama sabon, ya ma fi wanda aka riƙe sauƙin juyawa.

Da aka yi zaɓe, jagoran 'yan adawa ya zama minista, tsohon minista ya koma buga tebur. Dokar tana nan a majalisa ana karatu na biyu. Sabon ministan ma ya aiko da mota a ari keke, domin a nuna yadda gwamnatin baya ta yi watsi da haziƙai. Yaya tana kan keken lokacin. Ta ce su ɗauka, amma da ita a sama, kuma ba ta yin shiru a mota. Suka ce za su dawo.

Yanzu kekunan da Tartsatsi ya ƙera sun fi arba'in. Masu walda biyu a layin sun kwaikwaya, da kansa ya nuna musu inda suke kuskure. Har yau ƙofofi da tagogi ne ke ciyar da gidansa. Kwanakin baya wata mai ɗinki ta zo daga wani gari mai nisa, mijinta ya sauko da ita daga mota ya ajiye ta a benci. Ta ƙare masa kallo, shi da rigarsa mai huji.

"Baba, kai ne wanda gwamnati ta karrama?"

"An dai yi hoto," in ji shi, yana laluben tef a aljihu. "Miƙo hannunki in auna. Garinku akwai tudu?"