Malam Tankari da Allon da Ruwa Ya Ci

Me zai sa mutum ya saka zamansa a ƙasar wasu cikin haɗari saboda katakon da ke nutse a ruwa, wanda ko mai shi ba ya gani? An daɗe ana juya wannan tambaya kan Malam Tankari, ba a sami amsa ba. Ga shi watan gobe zai koma Yawuri bayan shekara goma sha ɗaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Kullum da ya idar da sallar Asuba sai ya hau bas zuwa wani ƙaramin wurin gyaran jirage a bakin kogi, a unguwar Huangpu. Kafin ya taɓa gizago yakan zaga jiragen yana ƙwanƙwasa jikinsu da ɗan yatsa, kunnensa a manne. Wurin mahaifinsa, masassaƙin kwale-kwale, ya koyi haka: lafiyayyen katako yana amsawa, ruɓaɓɓe kuwa muryarsa a dishe take.

Bara, ana saura wata guda a fara wasannin Olamfik a ƙasar, aka kawo wani jirgi mai tafiya da iska, ana so ya shiga tseren murna a kogi. Allon da ke bayansa, wanda da shi ake juya jirgin, ya ɗan tsage. Liang, mai wurin, ya ce a cike tsagar da gam, a shafa fenti, kwana uku a gama. Malam Tankari ya ƙwanƙwasa, ya tsira basilla kusa da ramin ƙusa, sai baƙin ruwa ya tsatso. Ya ce sai an fafe ruɓar, an bar allon ya bushe sati uku, sannan a dasa sabon katako.

"Laoban," in ji shi, haka ake kiran maigida a nan, "zo ka sa kunne."

Liang ya ƙi. Ya ce shi ba likita ba ne, kuma takardar sabunta izinin zaman Tankari tana kan teburinsa, ba zai sa mata hannu ba sai ya ga fenti. A lokacin kuwa an matsa wa baƙi ƙwarai.

Alhasan, wani ɗan kasuwar Kano da ya zo yi musu tafinta, ya ja Malam Tankari gefe. "Haba Baba! Jirgin wasa ne fa, ba na kai mata kasuwa ba. Shafa musu, ka karɓi takardarka."

"Shi ruwan ya san na wasa ne?"

"To in suka kore ka fa?"

"Yawuri tana nan. Wanda allon ya karye masa a tsakiyar kogi, ina zai koma?"

Abin ɗaure kai shi ne bai san wanda zai hau jirgin ba, wataƙila ma ba addininsu ɗaya ba, ko sunansa bai tambaya ba. Malam Tankari, kai ne ka ɗauki ran baƙo da nauyin ran ɗan'uwa. Masassaƙin da ba ya rufa wa ruɓa asiri, mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da muke cika kwantena muna turawa gida, kowa ya tambayi kansa abin da ya rufe da fenti.

Kwana biyu allon na kan benci, Malam Tankari kuma yana ta sauran ayyukansa. Rana ta uku, saura kwana huɗu izininsa ya ƙare, Liang ya shigo da gwangwanin fenti zai shafa da kansa. Alhasan na tsaye a wurin, shi ya ba mu labari. Ya ce Liang ya tsoma buroshi, ya ɗaga, ya tsaya. Ya dubi baƙin ɗigon da ke bakin ramin basillar. Sai ya ajiye buroshin, ya durƙusa da farar rigarsa, ya manna kunne a jikin allon.

"Ƙwanƙwasa," ya ce wa Malam Tankari. "A hankali, in ji."