Fankar da Ta Mutu a Hanyar Ɗa'if

Hindawiyya

Mun tashi daga Hindawiyya, unguwarmu a Makka, tun kafin kiran assalatu, ni da ƙanwata Salma da Inna. Motar ta maƙwabcinmu ce, irin mai ɗaki a ciki da ake ce wa karafan. Saboda gadonta na aro ta, don bayan Inna ya daina jure zaman kujera. Ɗa'if muka nufa, wurin Hajiya Rabi, wadda suka taho Makka tare suna yara ta hanyar Sudan. An aiko cewa jikinta ya yi rauni, Inna kuma ta ce ba za ta zauna jiran labari ba.

Motar ba ta shiga lungunmu, sai na turo Inna a kekenta har bakin titi. Muka yi asuba a Shara'i, muka sayi burodin tamis da wake mai zafi.

Hanyar Sail

Na ƙi bin hanyar Hada saboda tsananin hawanta, na bi ta Sail, mai nisa amma mai sauƙi. A shingen bincike askari ya leƙo, ya ga tsohuwa kwance da carbi, ya yi mata addu'ar samun lafiya, ya ɗaga mana hannu.

Da hantsi, bayan mun wuce Zaima, allurar zafi ta fara hawa. Na kashe na'urar sanyi, ba ta sauko ba. Na gangara gefe na kashe mota. Salma ta miƙo jarkar ruwa wai in zuba a lagireto, na ce mata wanda ya buɗe shi yana tafasa fuskarsa zai ƙona. Da ya huce na tayar da injin na jira ya ɗau zafi, fanka ko motsi. Fiyus lafiya lau, sai ƙauri da ke tashi daga jikinta.

Cikin motar ya zama tanda. Salma na jiƙa tawul tana goga wa Inna a wuya. Na ce ko mu nemi wanda zai mai da mu gida.

"Usman," in ji Inna, "ka gyara abinka a natse. Ni dai ba baya zan yi ba."

Sail

Muka lallaɓa, tagogi a buɗe, in allura ta hau in tsaya, in ta sauko in matsa. Haka muka kai garejin wani bakanike Basudane mai suna Ɗayyib. Ya ce sabuwar fanka sai daga Jidda, amma zai duba wurin masu kwance tsofaffin motoci. Kafin ya tafi ya ji Inna na yi wa Salma magana, ya tsaya, ya ce da wata Hausa mai nauyi, "Sannu, Kaka." Ashe kakarsa 'yar Mai Wurno ce, garin da iyayen Inna suka yi damina kafin su haye teku. Ya buɗe mata ɗakinsa mai sanyi, ya sa aka kawo shayi.

Bayan azahar ya dawo da fankar. Muka cire kan batir, na riƙe masa murfin da ke kewaye da ita, ya kwance kusoshi ya zaro tsohuwar. Ya ɗaura wadda ya samo, ya haɗa waya, ya wanke ƙurar da ta toshe lagireto, ya cika ruwa. Muka bar injin yana aiki muna kallo. Can fankar ta ɗauka da kanta, allura ta tsaya a tsakiya. Ya ce a hawa in bi da ƙaramin giya, kuma kullum in duba ruwa kafin in tayar. Inna ba ta sake shi ba sai da ta dafa kansa ta sa masa albarka.

Ɗa'if

Mun isa bayan la'asar, iska mai sanyi na kaɗawa. Ba wanda ya gaya mana cewa idon Hajiya Rabi ya tafi. Na tura Inna har gefen gadonta. Ta lalubo fuskar Inna, ta bi tsagen da ke kumatunta da yatsa.

"Hauwa, kin tsufa."

"Ke ma na gani."

Suka yi dariya har ta koma kuka. Ni da Salma muka fice muka bar su. Ta taga muna jiyo su suna lissafa mutanen ayarinsu, kowane suna da addu'arsa. Inna ta ƙi kwana a mota, a ɗakin aka yi mata shimfiɗa.

Komawa gida

Da safe na duba ruwa muka kamo hanya. Na tsaya a Sail, na tarar Ɗayyib ya fita, na bar masa kwandon 'ya'yan itacen rumman na Ɗa'if. Allura ba ta ɗaga ba har Hindawiyya, Inna kuma ta sha barci tun daga Zaima.

Hajiya Rabi ta rasu kafin watan ya ƙare. Da aka faɗa wa Inna sai ta ce, "Alhamdu lillahi, mun gana."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa maƙwabcinmu da Ɗayyib da alheri, ya jiƙan Hajiya Rabi.