Ranar da Ƙorama ta Tsare Mu da Kawu

A shekarun da kuɗin mai ya fara isowa ƙauyuka, ina sana'ar ɗinki a wani gari tsakanin Batsari da Safana, kuma ni ne shugaban samarin jam'iyyarmu. Mu ne masu cewa a soke kowane irin haraji, tunda gwamnati ta yi arziki. Ɗaya jam'iyyar kuwa Kawu ne jagoranta, ƙanen mahaifiyata, Bafillace mai shanu da ya daɗe da zama gari. Su cewa suke ko an soke jangali, dole a ci gaba da karɓar kuɗin kasuwa, har ma a ƙara. Duk Juma'a nakan je in durƙusa in gaishe shi, mu tambayi gida da shanu da gajiya, ba mai taɓa zancen siyasa.

Sai ƙaramar hukuma ta aiko cewa an ware wa garinmu kaso, mu zaɓi aiki ɗaya. Gari ya ɗauki murna, amma ba ta daɗe ba. Mu muka ce gada muke so a kan ƙoramar da ke yanke mana hanyar kasuwa da damina. Su Kawu suka ce dam, don shanu su sha da rani. Duk taron da aka yi a ƙofar gidan dagaci da hayaniya yake watsewa. Rani ya ƙare a haka, har aka aiko mana cewa in ba mu daidaita ba za a ba wani gari.

Wata ranar kasuwar Batsari muna dawowa a babbar mota, Kawu a gaba kusa da direba, ni a kan buhuna, muka tarar ƙorama ta cika ta batse. An yi ruwa ta wajen Ruma. Muka sauka muka zauna a gaɓa. Kawu ya yafito ni, ya miƙo mini goro.

Ya ce, "Ɗana, dubi ruwan nan da ke wucewa a banza. Kaka na wucewa zan tura shanu daji neman ko da rubu'insa."

Na ce, "Kawu, ga kuma waken mutane can yana jiƙewa a mota."

Ya ƙara duban ruwan, sannan ya ce, "In aka tare shi da bango mai faɗi, mota za ta iya bi ta kai?"

Nan take na tuna na taɓa ganin irin haka a hanyar Kano. Na miƙe ina nuna masa da hannu inda bangon zai bi, har takalmina ya zame cikin taɓo.

Ya ce, "Zauna, da sauran magana. Bangon ƙasa sai da gyara duk shekara. Wa zai biya?"

Na ce gwamnati. Ya ce kaso ɗaya aka yi mana alkawari, ba a ce kullum ba. Muka ja, muka ja, har ruwa ya fara janyewa. A ƙarshe na yarda a ci gaba da karɓar kuɗin kasuwa don gyara. Shi kuma ya yarda ba za a ƙara ba, a ɗauke wa mata masu fura da ƙosai, masu shanu kuma su riƙa ba da nasu da rani. Ya yi dariya ya ce, "Ka sa na ɗora wa kaina jangali da bakina."

Shawo kan mutanenmu ya fi wuya. Samarina suka ce an saye ni, wasu har suka zo suka kwashe yadinsu daga shagona. Kawu ma ya sha gori wurin 'yan'uwansa. Ranar taro muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ya yi bayani da Fillanci, na yi da Hausa. Da dagaci ya ce a ɗaga hannu, na kasa dubawa, sai da na ji mata na guɗa daga bayan danga.

Ranar da katafila ta shigo gari na rufe shago na bi ta da gudu tare da kowa. Muka yi gayyar duwatsu, manoma da jakunansu, Fulani da takarkarai, masu kiɗa na binmu har gaɓa. Da damina ta dawo muka tsaya a kan bangon, ruwa kwance a hannun dama iya ganin ido, motar hatsi ta hau a hankali ta haye. Na bi ta a guje ina dukan bayanta da hulata.

Da zaɓe ya zo kowa ya koma jam'iyyarsa, muka fafata sosai, su Kawu suka kayar da mu. Shekarar da ta biyo baya aka ga kifi a dam ɗin, manya-manyan tarwaɗa, nan take sabuwar gardama ta tashi kan wanda zai kama da abin da zai biya. Kawu ya aiko a ce mini in zo da wuri, in taho da goro.