Yadda Muka Kori Labbo Daga Kulob

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Na ɗauki biro na ajiye ya fi sau uku, don labarin bai bar ni da kyan gani ba, ni kuwa ina son a riƙa ce mini dattijo. Amma shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar taubashina Labbo, malamin dabbobi na Bagudo, kuma duk shekara sai na ji ana yabonsa wai mutum ne mai sauƙin kai. Wa ya faɗa muku? Labbo mutum ne da zai sa ka cire hularka ka jefa kogi don takaici. Ni na zauna da shi, ni zan faɗa.

A shekarun da aka samu 'yancin kai, mu 'yan boko na Bagudo ba mu fi a ƙirga da yatsu ba: Hedimasta, malamin asibiti, malamin gona, 'yan kwastan biyu, Labbo, ni da nake akawu, da wasu biyu. Mun ji labarin kulob ɗin da Turawa suka bari a manyan garuruwa, muka ce to ai yanzu ƙasa tamu ce, mu ma sai mun yi namu. Muka samu ɗaki mai baranda a bakin hanyar da masu dawowa daga kasuwar Lolo ke bi, muka sa tebur, rediyo da ludo. Hedimasta ya zama shugaba. Ni aka ba sakatare, saboda ni ne mai tafireta.

Dokokinmu ni na buga su da hannuna. Ranar kasuwa bayan la'asar za a ci abinci tare. Kowa da farantinsa, kowa da cokali mai yatsu. Wanda ba shi da kati ba ya shiga. Sai dai kukun da muka ɗauka bai iya abincin Turawa ba, don haka abin da muke ci shi ne tuwon shinkafa da miyar kifi, irin wanda ake yi a kowane gida a garin. Ku kwatanta manyan mutane tara sun ɗaure wuya da laktaye suna bin loma da cokali mai yatsu, miya tana zurarewa ta tsakanin yatsun.

Labbo ya yarda da cokalin. Ya yarda da laktayen, ko da yake a kan jamfa yake ɗaura nasa. Abin da ya gagare shi ɗaya ne. Ba ya iya kai loma baki in ya ga mutum yana wucewa.

"Kai, mai jaki! Taho mu ci!"

Kun san a wurinmu kowa yana cewa bisimilla, wanda aka kira ya ce alhamdu lillahi ya wuce abinsa. Na Labbo ba haka ba ne. Tashi yake ya kamo hannun mutum. Kuma aikinsa ya sa ya san duk wani mai saniya daga Kurgu har bakin iyaka, ya kwana a rugagensu ya sha nononsu.

Na ja shi gefe na ce, "Labbo, kai fa ɗan kulob ne, akwai doka."

Ya ce, "Yo mi kake so in yi, Sakatare? Mutum ya gan ni ina tauna, in dube shi in haɗe? Ai sai ta tsaya min a wuya. Kai da ba ka da wuya ba ka san wannan ba."

Muka zauna taro a kansa. Babu wanda ya iya cewa a daina kiran mutane abinci, duk da iyaye muka tashi. Sai malamin gona ya kawo dabara: ai wanda ka gani shi ne ya wajaba ka kira. Muka juya kujerar Labbo tana duban bango. Labbo ya riƙa gane mutane da tarinsu. Muka kewaye barandar da zana. Ya riƙa gane su da ƙarar takalmi, yana kira ta saman zanar. Wallahi da kunnena na ji ya kira wani da sunan kakarsa saboda kukan jakinsa kawai.

Abin ya fashe ranar da muka gayyaci babban ɗan kwastan na ɓangaren Dahome, inda yanzu ake kira Benin. Mako biyu Hedimasta yana koya mana cewa "Mushe", wato "malam" da Faransanci. An zauna, an fara kokawa da tuwo, sai ga Labbo ya shigo riƙe da hannun wani makiyayi, Buba, da sandarsa da malfarsa. Buba ya dubi cokalin, ya ture shi gefe, ya nemi ruwan wanke hannu. Shi kuwa Mushe, wanda ashe Badende ne ɗan bakin kogi, ya yi wata ajiyar zuciya, ya naɗe hannun kwat, ya jawo farantin Buba suka haɗa. Suka shiga hirar shanu da Fillanci. Aka bar mu mu takwas riƙe da ƙarfe.

Baƙo ya tafi yana murna. Mu ne ba mu yafe ba. Washegari Hedimasta ya ce a ɗaga hannu, ko Labbo ya zauna ko ya fita. Huɗu suka ce ya fita, uku suka ce ya zauna. Da na bi ukun nan da an yi kunnen doki, magana ta mutu. Ga abin da na so in ɓoye muku: na ɗaga hannuna tare da huɗun. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina so a ga ni wayayye ne. Ni na buga takardar, ni na kai masa gida.

Ya karanta, ya ninke, ya ce, "Ka bar harafi guda a sunana. Zauna mu ci." Na ce na ƙoshi.

Ranar kasuwa ta gaba, sai ga tabarma a gindin tsamiyar da ke daura da ƙofar kulob, ga akushi, ga Labbo da mutanensa. Ina zuwa ya ɗaga murya, "Sakatare, bisimilla!" Na ce alhamdu lillahi, na shige zana. Haka muka yi shekara uku. Muna gaisawa a masallaci, muna tsokanar juna a wurin suna, amma ban taɓa tsallaka hanyar nan ba, don na tsallaka ke nan na amsa laifi. Shi ma da gangan yake yi, na sani, har jira yake sai Hedimasta na kusa. Daga nan aka yi mini canjin wurin aiki, na shiga duniya. Ina Kwatano labarin rasuwarsa ya same ni.

Na ci abinci a kulob iri-iri tun daga lokacin, Kaduna, Ikko, har ƙasashen da ba a san tuwo ba. Zana ta zama katanga, katanga ta samu waya a kai. Watan jiya na je wani kulob a Birnin Kebbi, na manta katina a wata rigar. Mai gadi ya tsare ni a ƙofa. Ina hango mutanen da na sani suna cin gasasshen kifi, sun gan ni sarai, kowa ya mai da ido kan farantinsa. Na tsaya ina fushi, sai na tuna wa ya fara buga irin wannan doka a ƙasarmu ta Bagudo. Da Labbo na nan da ya yi dariya har ya faɗi, sannan ya jawo mai gadin su ci tare, ni ya bar ni a tsaye in ɗan ji yadda take.

Kulob ɗinmu ya rushe tuntuni, ko tubalinsa babu. Tsamiyar tana nan, kuma har yau masu dawowa daga Lolo a nan suke sauke kaya su buɗe guzuri, su kira duk wanda ya gifta. Yawancinsu ba su san sunan Labbo ba.

Makon jiya, bayan addu'ar da aka yi masa a gida, na ba 'ya'yansa da jikokinsa wannan labari, har da zancen hannun da na ɗaga. Suka yi ta dariya. Matarsa Ige, wadda yanzu sai da sanda, ba ta yi ba. Da na zo sallama ta ce in matso.

"Sakatare, shekara uku ina tuƙa tuwo da naka a ciki. Shi ka cewa in ƙara, wai yau za ka taho. Ban taɓa tambaya ba, amma yau ka hwaɗa min don Allah: wai mi kuke ci ne cikin zanar nan?"